Direban Jirgin Bai Mutu Ba

A ƙofar silima da la'asar, wata mata mai furfura tana tsalle cikin farin takalmin ma'aikatan jinya, tabaranta ya karkace. Fim ɗin da muka gama kallo na zane ne, an ɗauko shi daga wasan kwamfuta irin wanda kake karanta labari kana zaɓar abin da zai faru. Na san masoyan wasan a ƙasar wajen da na yi karatu, amma ban zaci zan tarar da irinta a nan gida ba.

Tana girgiza hannun ƙanwarta. "Ƙarshe biyar gare shi, a huɗu direban jirgin mutuwa yake yi. Wata uku ina sake zaɓi a wasan kafin na cece shi. Yau kuwa ba maɓalli a hannuna, sai addu'a."

"Yaya, zane ne fa. Kin kusa karya mini yatsu."

"To zanen ya rayu."

Ina jin a wurin aikinta na jinya, in mutum ya mutu, ba a ba ta damar sake gwadawa. Tana dariya tana share hawaye, tana jan ƙanwar zuwa layin tikiti.

"Mu koma. Ɗazu rabinsa idona a rufe yake."