Dattijo da Rigar Sanyi Ruwan Hoda

A bakin kasuwar garin Da Lat wani dattijo yana zaune a kan benci, da rigar sanyi ruwan hoda a cinyarsa. Kwana uku ke nan Tuyet, mai sayar da madarar waken suya, tana lura da shi, ko sunansa ba ta sani ba.

Yatsunsa kaurara ne, irin na wanda ya tsufa a gonar kabeji. Yana warware bakin hannun rigar a hankali, yana ɗaura sabon zare, yana saƙawa a karkace. Can ya gwada a hannunsa, ya ga da saura.

"Baba, ai ta mata ce," in ji Tuyet. "Ga sababbi can daidai jikinka."

"Na sani, 'yata. Mai ita gajeriya ce. Ita ta saƙa abarta."

Tuyet ba ta tambayi inda matar take ba. Wa zai ƙara wa hannun rigar matarsa tsawo don ya sa, in tana raye?

Zaren ya sake kuɓuce masa, ya yi ta lalube.

"Shekara arba'in tana saƙa a gabana," ya ce, "ban taɓa tsayawa na kalla ba."