Tsagar Turken Yaya Garba

Shekara goma sha ɗaya ke nan cur da muka kai Yaya Garba makwancinsa a Gehuru, kuma akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma nawa ya gaji da riƙo.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Shi masunci, ni manomin albasa. A hannunsa Sarkin Ruwa ya bar kula da gurbin da ke ƙasan fadamarmu, wuri mai zurfi da ba ya ƙafewa ko gulbi ya tsinke da rani. Al'adar da muka taras ita ce a kafa turke a bakin gurbin, a yi masa tsaga. Muddin ruwa ya rufe tsagar, kowa ya ja ya ba shukarsa. Ranar da ta bayyana kuwa, an rufe ja, sauran ruwan rabon kifi ne da ayu. Akwai wata ayu da ɗanta a ciki, har Yaya kan ce ya fi sanin numfashinta bisa na matarsa.

Zamanin jigo wannan doka ba ta da wuyar bi. Da injin ban ruwa ya zo, abin da jigo ke ɗiba a wata sai ya zuƙe shi kafin azahar. Yaya ya ga inda aka dosa, ya sa aka rubuta masa takarda zuwa ga hukuma, yana roƙon a mai da dokar turke dokar gwamnati, ta hau kan mai inji ɗaya da mai goma. Ya bi manoma har Jiga Birni yana neman su dangwala yatsa. Ni ɗan'uwansa na ce masa albasa ba ta shan takarda.

Da ƙin dangwalawa kaɗai na yi, da sauƙi. A wani rani tsagar ta kusa fitowa, albasata kuwa saura mako uku ta nuna. Ranar kasuwar Jega, da fadama ta watse, na ɗauki taɓarya na buga turken ƙasa kamar kamu ɗaya.

Washegari Yaya ya shiga ruwa ya tsaya kusa da turken, ya lalubi tsagar. Shi ya yanka ta daidai ƙirjinsa, sai ga ta a cibiya. Ya dube ni ya ce, "Bala, ko dai ni na ƙara tsawo da tsufan nan?" Iyakar maganarsa ke nan a kan turken har ya koma ga Allah. Wallahi gara ya mare ni.

Ba injina kaɗai ya amfana da kamun nan ba, kowa ya ja. Kafin ruwan fari ayun ta maƙale a taɓo, ɗan ya mutu a gefenta, ita ma ba ta kai damina ba. Albasata ta yi kyau a shekarar, ban ji daɗin ko buhu ɗaya ba.

Bana ana ta batun gyara dokar ruwa, wai a ware wa gulbi kason da babu mai taɓawa. Da Yaya na raye da ya yi dariya, ya ce turkensa ne ya shiga boko. Sannan ya tambaya wace dabba ta rage da za a ware wa ruwan, tunda yanzu gurbin yashi ne rabin shekara. Da aka kawo takardar goyon bayan gyaran ni na fara dangwalawa, na kuwa san ihu ne bayan hari.

Bai bar gona ba, jirginsa ma ya ruɓe. Turken nan ne ya rage. Jiya na je na tone shi, na ɗaga shi har tsagar ta koma daidai ƙirji. Babu ruwan da zai auna, na sani. Amma dai ya daina yin ƙarya saboda ni. Allah Ya jiƙanka, Yaya.