Baban Gandu, Mai Jiran Kukan Kwaɗi

Kafin rana ta gama fitowa, Baban Gandu ya riga ya isa garken awakin maƙwabta da tsohon kwanonsa. Yakan tsuguna yana tona kashin awaki da tsinke, yana tsintar 'ya'yan gawo ɗaya bayan ɗaya. Baƙo in ya gan shi sai ya ce tsohon ya taɓu. Mu da muka san shi mun san aiki yake yi: ƙwayar gawo tauri gare ta, in ka shuka ta haka nan sai ta yi ta barci a ƙasa, amma wadda ta ratsa cikin akuya ba ta daɗewa take tsirowa. Daga nan sai ya wuce gandun renon itatuwa, ya cika ledoji da ƙasa, ya yi ban-ruwa layi-layi, yana yi wa dashe magana kamar jikokinsa. Shekara talatin da shida ke nan, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Matarsa, Inna, takan ce ita ma'aikacin ofis aka ce mata za ta aura, ba a gaya mata mai bin akuya ba ne. Shi kuwa sai ya yi murmushi kawai, don ta fi kowa sanin abin da ke cin ransa.

Akwai ƙorama a gefen gari. A ƙuruciyarsa ko da bazara ba ta ƙafewa. Ɓaure da kanya sun yi mata rumfa, kuma da rana ta faɗi kwaɗi kan cika wurin da kuka har sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. A bakinta ya fara ganin Inna tana wanki. Sannu a hankali masu itace da masu gawayi suka cinye bakin ƙoramar, masu tifa suka kwashe yashinta. Da ofis ya ce a mayar da itatuwa cikin gaggawa, shi da kansa, yana sabon ma'aikaci mai rawar kai, ya zaɓi itacen turare, saboda saurin girmansa. Ya jera shi dubbai har bakin ruwa, aka ba shi takardar yabo, ya rataye ta a ɗaki.

Turare ya yi tsawo ya yi kyau a ido. Sai dai ƙarƙashinsa ko ciyawa ba ta fitowa, kuma shan ruwansa ba na wasa ba ne. Shekara kaɗan ƙorama ta fara ɗaukewa da zarar damina ta wuce. Wata ranar rani ya tsaya a bakinta da yamma, ya ji shiru, ya gane kwaɗin sun tafi.

Da wani ne, da ya ce umarni aka ba shi. Shi cewa ya yi, "Gatari ya fara, tifa ta ƙara, amma hannuna ne ya ƙarasa." Ya sauke takardar yabon daga bango, ya yi ta zarya a ofis har aka yarda ya riƙa cire turaren kaɗan-kaɗan, yana mayar da ɓaure da kanya da marke, gawo kuma can sama-sama wajen gonaki. Itatuwa ne masu nawa, waɗanda mai dasa su ba lalle ya sha inuwarsu ba.

Mai shayin bakin hanya shaida ne, shekara da shekaru yana ganinsa da rani yana tura keke da jarkoki huɗu, gumi har idon sawu. Wani direban tifa ya ba mu labarin ranar da ya tarar da shi zaune a tsakiyar yashi. Baba bai zage shi ba, bai kira hukuma ba. Tona rami ya yi da hannu har gwiwar hannu, ya nuna masa danshi, ya ce wannan yashin shi ne tulun garin nan. Direban ya juya da motarsa ba komai a ciki. Malamar makaranta kuma ta ce shi ya koya wa ɗalibanta abin da littafi ya kasa: itace ke riƙe ƙasa, ƙasa ta riƙe ruwa, ruwa ya kawo kwaɗo, kwaɗo ya rage sauro, kuma in ka zare zare ɗaya, rigar duka ke warwarewa.

Da ruwa ya fara kwanciya a wasu kwaruruka, muka yi ta yi masa barka. Ya ce mu dakata, kwaɗon damina ba shaida ba ne, ko kududdufi yana da nasa. Na rani yake jira. Haka ya yi ta zuwa bakin ƙorama duk yamma yana kasa kunne, har tsufa ya zo ya yi wa kunnen nauyi. Yanzu sai an matso an ɗaga murya yake ji.

Makon jiya, ana tsakiyar rani, suna zaune shi da Inna a gindin ɓauren da ya dasa, gab da magariba, sai ta dafa gwiwarsa.

"Malam, ga su nan. Suna yi."

Ya juya kunnen dama, ya juya na hagu. Bai ji komai ba.

"Da yawa?"

"Biyu ne, ko uku."

Ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya ce, "To ki saurara mana, mu biyu. Kada ki yi magana."

Wallahi abin ya sosa mana rai. Baba, kai ne gawo, mai ganye a lokacin da kowa ya kaɗe. Kai ne ka ɓata ka tsaya ka gyara, a zamanin da mai ɓarna ke riga kowa barin wuri. Mun gode, Allah ya saka maka da inuwar da ta fi wadda ka dasa mana.

Mu kuma da kunnuwanmu ke da lafiya, ledojin dashe suna nan jere a gandu, kwanon yana rataye a ƙofa. Kowa ya zo ya ɗauki ɗaya ya dasa ya shayar. Kwaɗi uku sun yi kaɗan. Mu yi ta yi har su yi yawan da ko Baba zai ji su.