Shunin da Na Shafa wa Jikata

A shekarar da gero ya yi har rumbunmu ya ƙi ɗauka, masu rigakafin shan inna suka iso ƙauyenmu na wajen Wagini. Ina tsakar gida ina sussuka. Ɗana yana gona, matarsa ta fito wanka ke nan da zane ɗaya a ƙirji. Sai ga mutum uku a kanmu, har da namiji riƙe da 'yar kwalba, ba sallama, ba tsayawa a zaure.

Na ce, "Bayin Allah, gidan nan da masu shi fa."

Namijin ya ce, "Iya, sauri muke. Ina yaran?"

Na ce, "Mene ne a kwalbar?"

Ya ce, "Ko na faɗa miki, ba ganewa za ki yi ba."

Ni da na haifi tara, na binne huɗu. Na jingine taɓarya, na nuna musu hanya.

Washegari mai unguwa ya aiko a yi shela: duk gidan da aka samu yaro ba alama, za a tafi da maigidan zuwa Batsari a rufe shi. Ko da gaske ne ko tsoratarwa, har yau ban sani ba. Alamar kuwa tawada ce da suke shafawa a ƙaramin yatsan yaron da aka ɗiga wa maganin. To, mu ma ai muna da shuni. Na jiƙa shi a sakaina, na kamo jikata, 'yar fari a wurin ɗana, lokacin ba a daɗe da yaye ta ba. Ina shafawa tana dariya, ta zaci lalle ne. Matan unguwa suka yi ta kawo nasu. Masu rigakafi suka dawo, suka duba yatsu, suka yi rubutu da alli a bango, suka hau babur. Ranar har guɗa aka yi mini.

Damina ta zagayo. Yarinya ta yi zazzaɓin kwana uku. Da ya sake ta, na tsayar da ita, ƙafar hagu ta lanƙwashe kamar tsumma. Muka kai ta asibiti a kan jaki. Aka ce shan inna ce, sai haƙuri.

An yi shekaru kafin wata malamar asibiti ta zo. Ta yi sallama sau uku, ta tuɓe takalmi, ta gaida ni da gajiya da ruwa da jikoki. Ta zauna a tabarma ta faɗa mini abin da ke cikin kwalbar, da yadda cutar ke shiga ta baki. Duk abin da na tambaya ta amsa. Ta ce, "Iya, in kun ce a'a, zan tashi. Ba ni da ikon kama ɗan kowa."

Da hannuna na miƙa mata ƙannen yarinyar. Maganar nan duka, wallahi, ruwan tuwo bai isa tafasa ba aka gama ta. Ita ce aka hana ni a wancan karon.

Da za ta tafi, ta ce ko jikata za ta riƙa raka ta gidaje, mata su gani da idonsu. Na ce ga ta nan, ta yi wayo, a tambaye ta.

Yarinyar ta ce, "Ni ba abin kallo ba ce."

Malama ta ce, "Kin yi gaskiya, ki yafe ni." Ba ta ƙara tada zancen ba.

Sai na ce ni zan raka ta, ni ke da abin faɗa. Amma ba zan bari jikata ta ji a bakin rijiya ba. Na kira ta ɗaki, na faɗa mata abin da na aikata, ban rage komai ba, ban laɓe bayan mai unguwa ba.

Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "To, Kaka." Ta jawo sandarta ta miƙe.

Tun da aka yaye ta a ɗakina take kwana. Daga ranar ta kwashe tabarmarta ta koma wajen uwarta. Tana gaishe ni kullum da safe, daga bakin ƙofa.