Lalla Zuhur da Fayil ɗin Gado

Kafin masu shara su gama da harabar jami'armu a Fas, Lalla Zuhur ta riga ta buɗe ɗan ofishinta na bayan ɗakin karatu. Za ta ɗora shayin na'ana'a, ta goge tabarau da bakin mayafi, sannan ta kunna kwamfuta. A hukumance aikinta kula da na'urori ne. Mu dai abin da muka sani, idan manhajar da ke jera mana sunayen littattafan bincike ta ƙi nuna komai, wurinta ake rugawa.

Ciwon daga al'adarmu yake, mu 'yan sashen tarihi. Malami kan miƙa wa ɗalibinsa fayil ɗin manazarta, ɗalibi ya zuba nasa, ya miƙa wa na baya. Ba mai goge ko layi ɗaya, don wa zai taɓa abin da Ustaz ya shigar da hannunsa? Haka fayil ɗin ya yi ta ƙiba har manhajar ta soma nishi.

Ina wurin ranar da Ikram, ɗalibar digirin digirgir, ta faɗo ofishin da kwamfutarta a rungume. Ranar ce ta ƙarshe ta miƙa kundi. In ta wuce sai baɗi, kuma gurbin koyarwar da aka yi mata alkawari a birnin Wajda ba zai jira ta ba. Ta danna don ta ga yadda jerin zai fito, allo ya yi fari fat.

"Lalla, na shiga uku! Duk sun ɓace!"

"Ba abin da ya ɓace, 'yata. Jakin ne ya durƙushe, kayan suna nan. Zauna ki sha shayi."

"Shayi kuma, Lalla?"

"To tsaya ki yi ta kuka, mu ga ko kwamfuta na jin tausayi."

Sai Lalla ta yi abin da ta saba. Ta fara kwafe fayil ɗin ta ajiye, don ba ta taɓa aiki a kan na asali. Ta raba shi biyu, ta gwada kowane rabi. Wanda ya fito lafiya ta ture gefe, wanda ya ƙi ta sake raba shi. A hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, har ya rage littafi guda. Ashe a gurbin taƙaitaccen bayani, an zuba babi sukutum na littafin.

Ikram ta ga sunan wanda ya shigar, ta ja da baya. "Wannan ai na marigayi Ustaz Bushta ne, malamin malamina. Ba zan iya gogewa ba."

"Wa ya ce a goge? Allah ya jiƙansa. Ɗaki za mu ba shi nasa na kansa."

Ta kwashe babin ta adana a wani fayil da sunansa, ta sake dannawa. Sunaye suka zubo reras. Ikram ta sumbaci goshinta, ta fita a guje, ta kai kundin kafin a rufe ofishin karɓa.

Lalla, ke ce mai ɗinke ɓaraka ba a ga zare ba. Kin san na'ura, kin kuma san kunyar da muke ji wa malamanmu, ba ki taɓa yi mana dariya a kanta ba. Yanzu da za ki yi ritaya, wallahi zuciyata ba daɗi. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Ku kuma masu hawa kujerarta, ku koyi haƙurinta kafin ku koyi dabararta.

Ikram na koyarwa a Wajda yanzu. Na duba ƙarshen kundinta, shafi bayan shafi na sunayen malamai, rayayyu da matattu, kowa a gurbinsa. Wadda ta fito da su ce kaɗai babu. Shi ya sa na rubuta sunanta a nan: Lalla Zuhur.