Albasar Kawu da burauzar da ba ta nuna hoto

Kawu Garba ya aje ganyen albasa bisa kwamfutata, duk ya yi ɗigo-ɗigo.

"Duba min cutar ga, tun ba ta cinye min gona ba."

Nan Giyawa netuwok sai haƙuri. Shi ya sa nake aiki da tsohuwar burauza mai rubutu zalla, irin wadda anka yi yayi tun hotuna ba su cika intanet ba. Maɓallan kibiya ɗai kake latsawa, ko sandar netuwok guda ta ishe ta.

Nan take shafin cututtukan albasa ya buɗe. Cututtuka huɗu, kowace da maganinta. Amma wurin kamanninsu kalma guda ɗai ta fito: hoto, hoto, hoto, hoto.

Kawu ya ce, "Mi ta ce?"

"Ta ce akwai hoto, Kawu."

"Ni ma ai akwai ganye. Wane magani za ni saye?"

Ya kwashi ganyenshi, ya ce mai shagon magani ko ƙarya ce zai faɗa mishi wani abu.

Ku masu ɗora hoto, jimla guda ta bayani ƙarƙashinshi mi za ta rage muku? Ina saurarenku.