Cikin da Ya Kwanta

Shekarun baya, shekarar da Allah ya karɓi ran maigidana, ina cikin takaba a ƙauyenmu na wajen Bazaga, sai al'adata ta ɗauke. Ban kula ba, na ce baƙin ciki ne. Bayan na fita takaba, wata safiya ina surfen gero, sai na ji gaban rigata ya jiƙe. Na duba, nono ne. Ni da autana ya riga ya shiga lakwal, makarantar boko.

Na nuna wa ƙanwar maigidana, da yake gida ɗaya muke. Ta riƙe baki.

"Yaya, wallahi ciki gare ki! Ashe marigayi bai tahi hannu wofi ba."

Wata ya bi wata, ciki bai taso ba. Aka kirawo tsohuwar ungozomar garinmu, ta danna nan, ta danna can, ta ce, "Yana nan, kwanciya ya yi. Kukan mutuwa ya ji, ya tsorata. Ki bar shi, ran da Allah ya so zai tashi." A wurinmu ba sabon zance ba ne, mun taso muna jin ciki kan kwanta shekaru. Na yarda da zuciya ɗaya.

Amma ba kowa ya yarda ba. In na iso rijiya sai hira ta mutu. Wata ta ce, a inda zan ji, "Miji na kabari, nono na zuba, Allah dai ya rufa asiri." Na daina zuwa biki, na daina zuwa suna. Wani da ya fito neman aurena ma ya janye, don ba a ɗaura wa mai ciki aure. To sai ya zama ba ni da abokin hira sai wanda ke kwance. In ina shara ina ba shi labarin ubansa, yadda yake tari kafin ya yi sallama, yadda yake faɗa da awaki kamar suna jin Hausa. In na dama fura nakan ƙara ludayi guda, in ce wannan naka ne. Ni ce dai nake shanyewa, ba wani ba.

Ana nan sai ciwon kai ya sa ni gaba. Ganina ya tsuke, abin da ke gabana ina gani, na gefe kuwa babu. Ranar da amalanken jaki ya kusa bi ta kaina ban gan shi ba, ɗiyata da ke aure a Konni ta zo ta tafi da ni asibiti. Suka shafa mini wani abu mai sanyi a ciki, suka duba da injin hoto, suka ce babu kowa. Na ce wa lokotoro, wato likitan, "Ɗana, mai barci ai ba ya fita a hoto." Bai yi dariya ba. Ya sa aka ɗebi jinina, da sakamako ya fito ya ce sai Yamai, can akwai injin da ke ganin cikin kai, i-er-em suke ce masa.

A Yamai aka ce in cire ƴan kunne da awarwaro, har fil ɗin kallabina, wai injin yana fizgar ƙarfe. Ɗiyata aka tsayar da ita waje. Aka kwantar da ni, aka rufe mini kai da wani abu kamar kwando, aka tura ni cikin rami fari. Sai ƙara ta tashi, kamar matan gari duka sun taru suna lugude a kaina. An ce kada in motsa. Hannuna dai yana kan cikina, a zuci ina cewa, "Kada ka ji tsoro, daka ake yi." Wallahi ban firgita ba, don a ganina mu biyu ne a ciki.

Likitar mace ce. Ta nuna mini hoton kaina, ta sa yatsa a wani wuri bayan idanu.

"Inna, kin ga wannan? Nan akwai wani ɗan nama da ke ba jiki umarni. Ƙari ya fito masa, shi ke cewa jikinki ya yi nono, shi ya tsayar da al'adarki, shi ke danne jijiyar gani. Ba mugu ba ne, magani na shanye shi."

Ɗiyata ta yi ta hamdala. Ni kuwa na ce, "To yaron fa?"

Likitar ta kama hannuna. "Inna, babu yaro. Tun farko babu."

Muka kamo doguwar hanyar Yamai zuwa Konni, muka dawo gida. Na sha maganin yadda aka ce. Nono ya ƙafe, ido ya buɗe, kai ya lafa. Matan rijiya suka zo barka, har mai maganar nan ta kawo mini goro. Kowa na murna an wanke ni. Babu wanda ya yi mini gaisuwar rashi, don ba a ta'aziyyar wanda ba a haifa ba.

Yau ina da jikoki cike da tsakar gida, kuma duk wadda ta ga nono babu goyo nakan ce ta je a duba ta, kada ta zauna jira irin nawa. Na gode wa Allah da ya maido mini idona. Amma har gobe, in maƙwabta suka fara lugude, sai in tsinci hannuna a kan cikina.